Tsarin Zaɓen 'Yan Majalisa a Nijeriya da Nijar: Abin da Ake Gani daga Iyakar Illela



Maganar yau ta shafi wani ɓangare na sha'anin zaɓe wanda ba a cika kula da shi ba, watau ƙa'idar da ake bi a mayar da ƙuri'un jama'a su zama kujeru a majalisa. Galibi idan an zauna hirar zaɓe, abin da ake tattaunawa shi ne wa ya tsaya, wa ya raba kuɗi, wa ya yi maguɗi, wa kuma kotu ta ba gaskiya. Duk waɗannan suna da muhimmanci. Amma ko da an yi zaɓen da babu maguɗi ko kaɗan a cikinsa, kowa ya jefa ƙuri'arsa cikin natsuwa, aka ƙidaya a gaban idon jama'a, to, da sauran aiki, domin ƙuri'a ba ta zama kujera da kanta. Sai an auna ta, ma'aunin kuwa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Duk wanda ya taɓa sayen gero ya san buhu ɗaya yana iya ba da mudu kaza a wannan kasuwa, ya ba da wani adadi dabam a waccan, ba don geron ya ƙaru ko ya ragu ba, sai don mudun ba iri ɗaya ba ne.

Da wuya a sami wurin da ya fi ƙasar Illela dacewa da wannan nazari. Illela ƙaramar hukuma ce a arewacin Jihar Sakkwato, a bakin iyaka, Gidan Katta kuwa ɗaya ce daga cikin gundumominta. Daga garin Illela zuwa Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar tafiya ce ta 'yan kilomitoci kaɗan. Harshe ɗaya ake yi, ana auratayya, ana cin kasuwannin juna, ana zuwa wa juna suna da ta'aziyya. Iyakar da ta raba su Turawan Ingilishi da na Faransa suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, ba tare da shawarar kowa daga mutanen wurin ba. Ga jama'a ɗaya ke nan, amma an yi shekaru da dama ana auna ƙuri'ar manomin Gidan Katta da wani mudu, ta ɗan'uwansa na Ƙonni kuma da wani.

Mudun Nijeriya gadon Ingila ne, kuma bayaninsa ba shi da wuya. Ana yanka ƙasa mazaɓa-mazaɓa, kowace mazaɓa kujera ɗaya, wanda ya fi kowa yawan ƙuri'a shi ke ɗauka, ko da da ƙuri'a ɗaya ya fi na bayansa, ko da kuma waɗanda suka ƙi shi sun fi waɗanda suka so shi yawa in an haɗa su. Ana iya kiran wannan tsarin mai rinjaye ya kwashe. A ƙarƙashin tsarin mulki na 1999 Majalisar Wakilai tana da kujeru 360, Majalisar Dattawa 109. Rabon Jihar Sakkwato wakilai 11 ne da dattawa 3, majalisar jihar kuma tana da kujeru 30. Mutumin Gidan Katta yana zaɓen wakilinsa na tarayya ne a mazaɓar Illela da Gwadabawa, dattijonsa kuwa a mazaɓar Sakkwato ta Gabas, wadda ta haɗa shi da mutanen Gada da Goronyo da Wurno da Raba da Isa da Sabon Birni.

Ba da wannan aka fara ba. A zaɓen 1951, wanda shi ne na farko da ya game Jihar Arewa, hawa-hawa aka yi. Masu biyan haraji na ƙauye su zaɓi wasu, waɗannan su je gunduma su zaɓi wasu, haka har a kai matakin lardi, inda ake fitar da 'yan majalisa. A mataki na ƙarshe kuma an ba En'e damar ƙara mutanenta, kashi 10 cikin 100 na masu zaɓen. A birnin Kano Jam'iyyar Neman Sawaba, watau NEPU, ta yi rawar gani a matakin farko, amma da aka gama tacewa ko mutum ɗaya nata bai shiga majalisar Kaduna ba. Wannan rariya ce aka saƙa da gangan, kowa ya ga hannun masaƙinta. Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne rariyar da ta biyo baya, wadda babu hannun kowa a fili a cikinta.

A ranar 12 ga Disamba 1959 aka yi zaɓen tarayya wanda ya fitar da gwamnatin da ta karɓi mulkin kai. Shi ne karo na farko da talakan karkarar Arewa ya zaɓi wakilinsa na Ikko kai tsaye kuma a asirce. Mutum ya karɓi takarda, ya shiga bayan labule, ya jefa a akwatin da ke ɗauke da alamar ɗan takararsa: fartanya ta Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau N.P.C., tauraro na NEPU, zakara na N.C.N.C., itacen kwakwa na jam'iyyar Awolowo, watau A.G. Kujeru 312 aka yi takara a kansu, 174 a Arewa, 73 a Gabas, 62 a Yamma, 3 a Ikko. Da aka gama ƙidaya N.P.C. ta sami 134, N.C.N.C. da abokiyar ƙawancenta NEPU suka sami 89, A.G. ta sami 73, sauran 16 suka tafi ga ƙananan jam'iyyu da 'yan takara masu zaman kansu. Alhaji Shehu Shagari ya koma majalisa daga Sakkwato ta Yamma, Malam Aminu Kano kuma ya shiga daga Kano ta Gabas.

To, a ajiye kujeru a duba ƙuri'u. N.P.C. ta sami kimanin miliyan 2, A.G. ita ma kimanin miliyan 2, N.C.N.C. da NEPU kuwa sama da miliyan 2 da rabi. Watau ƙawancen da ya fi kowa ƙuri'a shi ya zo na biyu a kujeru, kuma jam'iyyu biyu masu ƙuri'u kusan daidai, ɗaya ta fi ɗaya da kujeru 61. Wani ɓangare na dalilin wannan a bayyane yake. An raba kujeru ga jihohi ne bisa yawan mutane, maza da mata da yara, amma a Arewa maza kaɗai suka yi zaɓe, alhali a Kudu mata sun yi. Saboda haka kujerar Arewa ta fi ta Kudu araha, in ana maganar yawan ƙuri'un da ake bukata a same ta. Matan Arewa sun ba da nauyinsu a ma'auni ranar rabon kujeru, ranar zaɓe kuwa suka zauna a gida.

Amma wannan dalili bai isa ba, domin ko a cikin Arewa kanta, inda kowace jam'iyya ƙuri'ar maza ta nema, lissafin bai daidaita ba. N.P.C. ta sami kimanin kashi 61 cikin 100 na ƙuri'un Arewa, amma ta kwashe 134 daga cikin 174, watau kashi 77. NEPU ta sami kimanin rabin miliyan, kashi 16 ke nan, ta tashi da kujeru 8 kacal. A.G. da abokan ƙawancenta, waɗanda ƙuri'unsu a Arewa ba su fi na NEPU da wani abin kirki ba, sun sami 25. In an raba, kowace kujerar N.P.C. ta ci ƙuri'a wajen 15,000, kowace kujerar NEPU kuwa sama da 60,000. Mene ne ya raba NEPU da A.G., alhali ƙuri'unsu kusan ɗaya? Wurin da magoya bayansu suke zaune. Ƙarfin A.G. a Arewa a dunƙule yake, musamman a ƙasar Tibi da sauran yankunan tsakiya inda jam'iyyar Joseph Tarka take da rinjaye, saboda haka inda suke su ne masu yawa. 'Yan NEPU kuwa a warwatse suke: teloli da mahauta da 'yan koli da malaman zaure, a birane da garuruwan kasuwa, daga Kano zuwa Katsina da Zariya da Gusau, ko'ina akwai su, amma a wurare kaɗan ne suka fi kowa yawa. A tsarin mai rinjaye ya kwashe, wanda ya zo na biyu a mazaɓa hamsin da wanda bai tsaya ba sam, rabonsu ɗaya.

Da a ce an raba kujerun Arewa gwargwadon ƙuri'u, da N.P.C. ta sami wajen 106, NEPU wajen 28, A.G. wajen 30. N.P.C. tana nan kan gaba a Arewa duk da haka, babu mai musun farin jinin Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa a wancan lokaci. Sai dai majalisar da za ta zauna a Ikko da ta zama wata dabam, kuma cinikin da aka yi kafin a kafa gwamnatin haɗin gwiwar N.P.C. da N.C.N.C. da ya ɗauki wani farashi. Ko a yadda aka yi ɗin, 89 da 73 in an haɗa sun ba da 162, sun haye 157 da ake bukata don rinjaye, abin da ya hana shi ne rashin jituwar Azikiwe da Awolowo da kuma tsoron abin da zai biyo baya in an bar Arewa a waje. Ba kuma za a ɗora wa ma'auni laifin kome ba. 'Yan hamayya a Arewa sun sha fama da kotunan alƙalai da 'yan doka da wahalar samun iznin yin lacca, kuma wannan ya rage ƙuri'unsu tun kafin a zo awo. Abin lura dai shi ne, ƙuri'un da suka tsira daga wannan duka, ma'aunin ya sake zubar da mafi yawansu.

A wannan fanni na mata, mutanen Ƙonni sun riga na Illela da nisa. Dokar da Faransa ta yi a 1956 ta ba kowane baligi a ƙasashen da take mulka ikon zaɓe, mace da namiji. Matar Illela kuwa sai da ta jira gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da babban zaɓen 1979, bayan su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da duka a kan wannan magana. Shekara ashirin ke nan tsakanin ya da ƙanwa, in aure ya kai ɗaya wancan ƙetaren.

Zaɓen 1964 ba ya bukatar dogon bayani. An ƙaurace masa a wurare da dama, N.P.C. ta ɗauki 162 daga kujerun Arewa 167, watau ta sami rinjaye a majalisar tarayya ba tare da ta ci kujera ko ɗaya a Kudu ba, kuma a ranar 15 ga Janairu 1966 soja suka rushe tsarin. Da aka dawo a 1979 an bar tsarin firayim minista an ɗauki na shugaban ƙasa irin na Amurka, har aka sa wa mai neman shugabanci sharaɗin samun rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, don kada wani ya sake hawa da ƙarfin yanki ɗaya. Amma mudun majalisa ba a taɓa shi ba. A Majalisar Wakilai mai kujeru 449, N.P.N. ta sami 168, U.P.N. 111, N.P.P. 78, P.R.P. 49, G.N.P.P. 43. A Jihar Sakkwato ta lokacin, wadda ta haɗa da Kabi da Zamfara na yanzu, G.N.P.P. ta Waziri Ibrahim ta sami kimanin rubu'in ƙuri'u a zaɓen shugaban ƙasa, amma dattawan jihar biyar duk N.P.N. ta kwashe su. Wannan hali ba na Nijeriya kaɗai ba ne. A Ingila kanta, a zaɓen 2024, jam'iyyar Leba ta sami kusan kashi biyu cikin uku na kujeru da kimanin sulusin ƙuri'u.

A ƙetara iyaka. Nijar ba ta fara da mudun da aka san ta da shi daga baya ba. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta Satumba 1958, wadda Djibo Bakary ya nemi a ce a'a aka kayar da shi, an haramta jam'iyyarsa ta Sawaba a 1959, daga nan har juyin mulkin Seyni Kountché na 1974 jam'iyya ɗaya ce, jerin sunaye ɗaya, ba a tambayar mai zaɓe kome sai amincewa. Babban taron ƙasa na 1991 shi ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, kuma waɗanda suka tsara dokar zaɓe bayansa, da yake sun ɗanɗana mulkin jam'iyya ɗaya sun ƙoshi, sai suka zaɓi tsarin rabon gwargwado. A wannan tsari jiha sukutum ita ce mazaɓa. Ƙonni tana cikin jihar Tawa, saboda haka kafin juyin mulkin 2023 ƙuri'ar mutumin Ƙonni ana zuba ta ne wuri ɗaya da ta mutanen Madawa da Keita da Buza da Abalak. Kowace jam'iyya ta kawo jerin sunaye daidai da yawan kujerun jihar, mai zaɓe ya zaɓi jam'iyya. In an ƙidaya, sai a raba jimlar ƙuri'u da yawan kujeru, abin da ya fito shi ne kuɗin kujera ɗaya, kowace jam'iyya ta ɗauki iyakar abin da ƙuri'unta suka iya saye, ragowar kujeru kuma a raba su da wata ƙa'idar lissafi da doka ta tanada.

Misali zai fi bayyana bambancin. A ɗauka cewa a kowace ɗaya daga mazaɓun tarayya 11 na Jihar Sakkwato an jefa ƙuri'a 100,000, jam'iyyar farko ta sami 55,000 a kowace, ta biyu 45,000. Da mudun Illela, ta farko ta kwashe 11, ta biyu ta tashi hannu rabbana, mutum 495,000 ba su da wanda suka zaɓa a Abuja. Da mudun Ƙonni, jimla 1,100,000 ce, kuɗin kujera 100,000, ta farko ta sami 6, ta biyu 5. Ba a sauya ƙuri'a ko ɗaya ba, ba a saye kowa ba, ba a sace akwati ba.

Duk wanda ya ji wannan zai ce ai mudun Ƙonni ya fi adalci, kuma ta fuskar lissafi haka ne. Amma tarihin Nijar ya nuna kuɗin da ake biya. A zaɓen Fabrairu 1993, majalisa tana da kujeru 83. Tsohuwar jam'iyyar gwamnati, M.N.S.D. Nasara, ita ta zo kan gaba da 29, C.D.S. Rahama ta Mahamane Ousmane ta sami 22, P.N.D.S. Tarayya ta Mahamadou Issoufou 13, A.N.D.P. Zaman Lahiya 11. Babu mai rinjaye shi kaɗai. Masu adawa da M.N.S.D. suka haɗa kai suka tara 50, Ousmane ya zama shugaban ƙasa, Issoufou firayim minista. (Issoufou, a wuce da wannan, ɗan ƙasar Illela ne shi ma, amma Illelar Nijar, wadda ke arewa da Ƙonni a kan hanyar Tawa.) A Satumba 1994 suka ɓata, Issoufou ya ajiye aiki, ya ɗauki kujerunsa ya koma wajen M.N.S.D., rinjaye ya juya a dare ɗaya ba tare da an tambayi mai zaɓe ba. Shugaba ya rushe majalisa, aka sake zaɓe a Janairu 1995, 'yan hamayya suka sami rinjaye da ƙyar, dole ya naɗa Hama Amadou firayim minista. Shekara guda aka yi shugaba da firayim minista suna jayayya a kan wa zai kira taron ministoci, wa zai naɗa manyan ma'aikata, aikin hukuma ya tsaya cik. A ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya kawar da su duka. Ma'aikatan gwamnati da ke wannan zaure sun fi kowa sanin abin da ake nufi da takarda ta kwana wata uku tana jiran sa hannun mutum biyu da ba sa ga-maciji.

Duk da haka Nijar ba ta yar da tsarin ba, ƙara faɗaɗa shi ta yi. Kujeru suka tashi zuwa 113, sa'an nan 171 a zaɓen 2016: 158 na jihohi takwas ta rabon gwargwado, 5 na 'yan ƙasa mazauna waje, 8 kuma na mazaɓu na musamman da aka keɓe tun 1993 domin ƙananan ƙabilu, irin su Tasara da Bilma da Ngurti da Tesker, don kada Larabawa da Tubawa da makamantansu su nutse cikin yawan maƙwabtansu. A wannan zaɓe P.N.D.S., tana riƙe da fadar shugaban ƙasa, 75 ta samu, M.O.D.E.N. Lumana 25, M.N.S.D. 20. Jam'iyya mai mulki ba ta kai rabi ba, dole ta nemi abokai, haka kuma aka sake yi a Disamba 2020. Jerin sunaye ya kuma sauƙaƙa wani abu da ya gagari Nijeriya. Dokar 2000 ta wajabta a ba mata aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, zuwa 25 a 2019, kuma majalisar da aka zaɓa a 2020 kimanin rubu'inta mata ne. In jam'iyya za ta rubuta suna ashirin, doka tana iya cewa biyar su zama mata. In kuwa kujera ɗaya ce tak a mazaɓa, ba a raba ta. Matan da suka shiga Majalisar Wakilan Nijeriya a 2023 ba su kai 20 ba cikin 360.

Akwai kuma abin da mutumin Gidan Katta yake da shi wanda na Ƙonni ya rasa. Ya san wakilinsa da suna, ya san gidansa, ya san ƙofar da zai tsaya in rijiyar burtsatse ta lalace ko ɗansa yana neman aiki, kuma in ya ga dama ya juya masa baya a zaɓe mai zuwa. Wanda mutanen Nijar suke kira depite kuwa, kafin a rushe majalisa a 2023, wakilin jiha ne baki ɗaya, kuma ba talaka ya sa sunansa a jeri ba, shugabannin jam'iyya ne a Yamai. Biyayyarsa ta fi karkata ga wanda ya rubuta sunan. Tsarin mulkin Nijar na 2010 ma ya ce ɗan majalisar da ya fita daga jam'iyyarsa ya bar kujerar, wanda aka zaɓa a matsayin madadinsa ya hau. Tsarin mulkin Nijeriya shi ma yana da irin wannan sharaɗi a sashe na 68, amma ya bar ƙofa ga wanda ya ce jam'iyyarsa ta rabu, kuma ta wannan ƙofa ake ta shige da fice, kamar yadda aka gani a Sakkwato a 2018 sa'ad da Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya koma P.D.P. tare da 'yan majalisar jiha da dama.

Sai dai wannan kusanci na wakili da jama'arsa yana tafe da wani haɗari, kuma Sakkwato ta gan shi da idonta. Inda ƙuri'a ɗaya take iya raba mai kome da marar kome, kowace rumfar zaɓe ta zama abin yi wa faɗa. A zaɓen gwamna na 2019, wanda shi ma mai rinjaye ke kwashewa, bayan an sake zaɓe a wasu rumfuna, Tambuwal ya sami 512,002, Ahmad Aliyu 511,660. Tazarar 342 ce, ba ta kai masu zaɓen rumfa ɗaya mai jama'a ba. A ranar 25 ga Fabrairu 2023 kuwa, hukumar zaɓe ta ce zaɓen 'yan majalisar tarayya na jihar bai kammala ba, saboda yawan rumfunan da aka soke, sai ranar 15 ga Afrilu aka cike. Ƙa'idar ita ce, in tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓen rumfunan da aka soke ba, ba a bayyana wanda ya ci. Daga ƙarshe Aliyu Wamakko da Ibrahim Lamiɗo na A.P.C. suka ɗauki Arewa da Gabas, Tambuwal na P.D.P. ya ɗauki Kudu. Ɗan siyasar da ya iya lissafi ya san cewa a irin wannan tsari, tarwatsa rumfa uku a inda abokin takara yake da ƙarfi yana iya ba shi kujera sukutum. A tsarin rabon gwargwado ƙuri'a ɗari biyar da aka sace digo ne a cikin kuɗin kujera ɗaya, galibi ba su biyan wahalar satarsu. Na'urar tantance masu zaɓe da aka shigo da ita a 2015, da wadda ta gaje ta a 2023, sun rage wasu hanyoyin maguɗi, amma ba su rage ladar da tsarin yake ba mai maguɗi ba.

Babu ɗaya daga cikin mudun biyu da ya tsare ƙasarsa daga soja. Na Ingila ya faɗi a Nijeriya a 1966 da 1983, na gwargwado ya faɗi a Nijar a 1996, aka sake juyin mulki a 1999 da 2010, sa'an nan a ranar 26 ga Yuli 2023 Janar Abdourahamane Tiani ya hamɓarar da Mohamed Bazoum, aka rushe majalisar da aka zaɓa a 2020, a Maris 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya. Mutanen Illela sun ji wannan a jikinsu, domin an rufe iyaka bisa takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, motocin kaya suka yi layi, kasuwa ta mutu, har zuwa Maris 2024 da aka buɗe.

Tambayar da ta rage ita ce ko ana iya haɗa amfanin biyun. Jamus ta daɗe tana yin haka: mai zaɓe yana da ƙuri'a biyu, ɗaya ta wakilin mazaɓarsa, ɗaya ta jam'iyya, ta biyun ita ke daidaita rabon kujeru. A Nijeriya ma an kawo shawarar. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya faɗa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi a 2007 yana da aibi, ya kafa kwamiti a ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais. A rahoton da kwamitin ya miƙa a Disamba 2008 ya nemi a bar kujeru 360 yadda suke, a ƙara 108 waɗanda za a raba wa jam'iyyu gwargwadon ƙuri'unsu. Da an karɓa, da mutumin Gidan Katta yana nan da wakilinsa na Illela da Gwadabawa wanda ya san ƙofarsa, kuma in ɗan takararsa ya faɗi, ƙuri'arsa ba ta bi ruwa ba, ta shiga lissafin jam'iyyarsa. An yi gyare-gyaren tsarin mulki a 2010 da bayanta, wannan shawara ba ta shiga ba. Haka kuma iyakokin mazaɓun tarayya suna nan yadda aka shiga da su a 1999, ko da yake tsarin mulki ya tanadi a riƙa sake duba su, garuruwa kuwa sun cika sun batse tun daga lokacin. Gyaran kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana bi ne ta hannun majalisa, na farkon ma sai da yardar kashi biyu cikin uku na kowane zauren majalisar tarayya da kuma majalisun jihohi 24 daga cikin 36, watau mutanen da tsohon mudun ya auna ya ba su kujerun da suke zaune a kai.